Yadda Na Kori Alhaji Daga Bakin Fili

Ni ban taɓa buga balo ba, wato ƙwallon ƙafa, in dai ba za a ƙidaya tamaular tsumma ta ƙuruciya ba. Amma a Matameye ta wancan lokaci, 'yan shekaru kafin Faransawa su tattara su tafi, ba a rufe maganar balo sai an ji ta bakina. Tela ne ni, rumfata tana bakin kasuwa, kuma ni na ɗinka wa 'yan wasan garinmu riguna da gajerun wanduna. Saboda wannan kawai nake ganin ina da ikon faɗin wanda ya iya da wanda ya kamata ya koma gona. Ina da zafin rai, bakina kuma ba shi da linzami. Yau da na tsufa ina faɗin haka da kaina, a lokacin kuwa da wani ya faɗa mini da sai an raba mu.

A ƙofar rumfar tawa ake majalisa. Da an sallame la'asar benci biyu za su cika, wanda ya makara ya zauna a ƙasa. Direbobin kamyo masu ɗaukar gyaɗa su ke kawo mana labarin Damagaram: wa ya ci wa, wane mai tsaron gida aka sauke, wace ƙungiya ta samu takalma. In an gama kaka an sayar da gyaɗa, malaman lakwal, wato makarantun boko na garuruwa, sukan shirya wasanni tsakaninmu da Kance da Magarya, wani lokaci har 'yan Damagaram su zo. Malamin lakwal ɗinmu, wanda muke kira mushe, shi ke koyar da 'yan wasa, shi ke tsara wanda zai tsaya gaba da wanda zai tsaya baya. Mu kuma aikinmu mu zauna mu warware abin da ya tsara.

Dattijo ɗaya ne tak a majalisar. Alhaji ɗan kasuwa ne na gyaɗa da goro, mutum mai nauyi a gari, wanda ake kira in za a sasanta rigima. Da ƙafa ya je Makka, ya yi shekara bakwai a hanya, kuma a Sudan, inda ya tsaya aikin auduga, ya fara ganin balo. Daga nan abin ya shiga ransa bai fita ba. Ba ya zuwa kallon dambe, ba ya zuwa kokawa, ko goron da yake sayarwa ba ya ci. 'Ya'yansa maza sun watsu neman abinci a Kano da Damagaram. Abin da ya rage masa na jin daɗi a duniya shi ne yammacin Lahadi, ya shimfiɗa buzunsa ƙarƙashin gawon da ke gefen filin bayan lakwal, ya zuba ido. Sa'anninsa sun yi ta yi masa magana, wai dattijo da rawani yana kallon samari suna bin fata da gudu. Ya kan yi murmushi ya ce Allah ya shirye shi, Lahadi ta zo ya ɗauki buzunsa. Shi ya sayo mana balon fata na farko daga Kano. In wasa ya yi zafi, za ka ga ƙafarsa tana motsi a ƙarƙashin babbar riga shi bai ma sani ba.

A cikin 'yan wasan akwai wani bahago mai buga gefen hagu, aminina ne tun muna yara, mai awon gyaɗa ne a sikeli. Siriri ne, ba shi da yawan magana, amma in balo ya zo ƙafarsa sai ka rantse ɗaure shi aka yi da zare. Babu takalmi yake bugawa, kamar sauran. Alhaji ba ya ɓoye cewa saboda shi yake fara zuwa fili kafin kowa. Da ya ji cewa bahagon da 'yar autarsa suna son juna, bai ja magana ba. Aka ɗaura aure bayan kaka, ni na ɗinka kayan ango, muka ci muka sha. Babu wanda ya tsaya ya yi tunanin abin da wannan aure zai yi wa yammacin Lahadi, har da ni mai ganin na fi kowa hangen nesa.

Daga bikin nan ƙungiyarmu ta lalace. Magarya suka zo suka ci mu a gida. Muka yi canjaras da wasu samarin ƙauye waɗanda a da ko gumi ba ma yi a kansu. Bahagon da ya saba wuce mutum uku kamar ba ya ganinsu, sai ya koma yana sakin balo tun kafin a iso gare shi.

Majalisa ta ɗauki zafi. Wani ya ce sabon tsarin mushe ne, da ya janye mutum ɗaya daga gaba ya mai da shi baya, wai haka ake yi a ƙasar Faransa, to su je can su yi. Wani ya ce mutanen Kance sun binne mana abu a gindin sandar gida, har aka samu masu zuwa da fartanya suka tone, ba su samu komai ba sai saiwar ciyawa. Wani direba ya dage cewa muddin ba mu sa takalma irin na 'yan Damagaram ba, to mu haƙura. Masu tsokana suka ce tuwon amarya ne ya yi wa ango nauyi. Ni ma da farko a nan na tsaya, har na tare shi a sikeli na ce masa ya rage fura. Ya yi dariya ya ci gaba da awonsa.

Wata safiya ya zo rumfata da gajeren wandonsa a naɗe cikin hannun riga. Ya ce in ƙara masa tsawo ya sauko ƙasan gwiwa.

Na ce, "Balo za ka buga ko limanci za ka yi?"

Ya ce, "Kai dai ƙara."

Na ƙara, ina mita. Ran Lahadi muka kara da Kance, sai na bar kallon balo na koma kallonsa shi kaɗai. A rabin farko gefensa yana nesa da gawo, ya yi wasa ba laifi, ko da yake ba kamar da ba. Da aka juya, gefen hagu ya faɗo daidai gaban buzun Alhaji. Nan na ga abin da idona. Ya bar gefensa ya shige tsakiya yana cin karo da 'yan uwansa. Ba ya ɗaga murya ya nemi balo. In aka ture shi ba ya turewa, don kada ya faɗi ya yi birgima a gaban surukinsa. Balo ya fita kusa da gawo, shi ya kamata ya jefo, sai ya tsaya nesa ya sunkuyar da kai har wani ya zo ya ɗauka. Da aka kawo ruwa a tulu kowa ya sha, shi ya juya baya ya haƙura da ƙishi. Kunya ce ta surukuta, wadda aka raine mu a kanta duka. Mutumin da ba ya iya cin abinci a gaban uban matarsa, wanda in ya hango shi a hanya sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ta yaya zai yi tsalle-tsalle a gabansa da cinya a waje? Kance suka ci mu biyu da nema.

Saura mako biyu 'yan Damagaram su zo, kuma ba mu taɓa cinsu ba ko sau ɗaya. Ranar Litinin majalisa ta cika fiye da kullum. Alhaji ya karɓi magana yana ta sukar tsarin mushe, yana zana layuka a ƙasa da sandarsa, yana nuna inda ya kamata kowa ya tsaya. Ni kuwa tun jiya raina yake tafasa. Da ina da hankali, da na bi shi gida na durƙusa na faɗa masa a asirce, ko in samu wani dattijo ya faɗa masa. Ban yi haka ba. Na tsayar da keken ɗinki na ce, a gaban mutum sun fi ashirin:

"Alhaji, a bar mushe ya huta. Kai ne ciwon ƙungiyar nan. Muddin kana zaune a gindin gawon can, surukinka ba zai buga komai ba. Kai kana jin daɗin kallo, mu muna shan kunya a idon garuruwa."

Wani ya ce, "Subhanallahi," a hankali. Alhaji bai kalle ni ba. Ya sa ƙafa ya shafe layukan da ya zana, ya miƙe, ya yi sallama ya tafi. Mutane suka yi mini ca, wai ba ni da kunya, sa'an ubana ne. Na ce in ƙarya na yi wani ya tashi ya ƙaryata ni. Babu wanda ya tashi, ni kuma na ɗauki wannan a matsayin na yi daidai.

Washegari da hantsi, lokacin da ba kowa a benci, sai ga Alhaji da wata riga wai aljihu ya ɓarke. Na duba, ɗinki biyu ne kawai suka saki. Na sauko na durƙusa na gaishe shi, na fara neman gafara. Ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Tela, ba sabon labari ka ba ni ba. Tun wasan farko bayan biki na gani. Ni ma na yi surukai, na san yadda abin yake. Na yi shiru ne ina cewa ko zai saba."

Ashe duk sukar da yake yi wa mushe neman ƙarin lokacin kallo yake, Lahadi ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Ni ba zan iya yi masa wannan magana ba, ka sani. Kai amininsa ne. Je ka ce masa na yafe masa kunyar nan a fili. Ya ɗauka ba na wurin."

Na je sikeli na isar da saƙo. Bahagon ya saurara har na gama, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Ka ce wa Baba na gode. Wallahi na gwada. Kullum kafin wasa sai na ce wa kaina yau zan manta, amma da na hango rawaninsa ƙafata sai ta mutu. In ya fi so, ni in bar wasan, shi ya ci gaba da kallo."

Na mayar wa Alhaji da wannan amsa. Na kawo shawarar ya koma ɗaya gefen filin, ya ce ai ana juyawa. Na ce to ya tsaya bayan dangar lakwal inda ba za a gan shi ba. Ya dube ni ya ce, "Da furfurata in laɓe ina leƙe?" Game da barin wasan kuwa, ya ce in gaya wa yaron kada ya sake ya ƙara furta haka.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci ya zo majalisa ya tsaya, bai zauna ba. Ya ce girma ya kama shi, daga yau yammacin Lahadi na karatu ne, ya bar wa yara kallon balo. Sa'anninsa da suka ji suka yi ta sa masa albarka, wai Allah ya karɓi addu'arsu. Ni kaɗai da aminina muka san abin da ya ajiye.

'Yan Damagaram suka zo cikin kamyo, da takalmansu da safa. Mutane suka taho daga Dungu da Tsauni da Yauri, wasu a kan jakuna, fili ya cika har kan danga. Gindin gawo babu wanda ya zauna. Bahagon ya fito da tsohon gajeren wando da ya ara, ya yi wasan da har yau tsofaffin garin nan suke labari. Ya ci biyu, ya bayar aka ci ɗaya, su suka rama ɗaya. Na yi ihu har muryata ta dishe. A tsakiyar murnar ne na tuna cewa gidan Alhaji bai da nisa da lakwal, duk wannan ihu yana shiga zaurensa.

Na same shi zaune da littafi buɗe a cinya. Kafin in gama gaisuwa ya ce, "Na ji babbar hayaniya sau uku, na ji shiru sau ɗaya. Uku da ɗaya ke nan?"

Na ce haka ne.

"Nawa ya ci?"

"Biyu, Alhaji."

Ya rufe littafin. "Tashi ka nuna mini na farkon."

Na tashi a cikin zauren, ni da ban taɓa buga balo ba, ina karkata jiki ina kwaikwayon yadda ya yaudari mai tsaron baya ya bi ta hagunsa. Alhaji ya ce in sake. Na sake. Ya tambayi ko da cikin ƙafa ya buga ko da bayanta, mai tsaron gida ta ina ya faɗi, wa ya ba shi balon. Wasu na sani, wasu ban lura ba, ya yi mini faɗa wai wane irin kallo nake yi. Sai da aka kira magariba ya sallame ni. A hanyar masallaci na ji baƙin ciki ya danne murnar da na zo da ita, kuma ban ji daɗin cin nan ba kamar yadda na zata.

Daga ranar ya zama mini aiki. Duk Lahadin da aka yi wasa, daga fili zauren Alhaji nake wucewa. Na koyi kallo saboda shi, na rage surutu a bakin fili don kada wani abu ya wuce ni. Rani huɗu bahagon ya yi yana wasa, kuma su ne shekarunsa mafi kyau. 'Yan Damagaram har sun nemi ya koma can, ya ƙi. Yaro da babba, na gari da baƙo, kowa ya more kallonsa, ban da mutumin da ya fi kowa sanin darajar abin da yake yi. Majalisa ta ci gaba da gardama a kan tsari da takalma, mushe ya tafi aka kawo wani, muka soki sabon kamar yadda muka soki tsohon. Alhaji bai ƙara zama a bencina ba. Daga baya ma ya bar fita kasuwa, ɗansa na Damagaram ya dawo ya karɓi harkar. A shekarar ƙarshe ya daina cewa in tashi in nuna, sai dai in faɗa da baki. Na ɗauka sha'awar ce ta fara sanyi.

A ƙarshen rani na huɗu bahagon ya gurɗe gwiwa a wani wasa da Magarya. Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, ya warke har yana tafiya ba ɗingishi, amma gudu ya ƙare. Gari ya yi jimami. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, wani ɓangare na zuciyata murna ya yi, don na ga ƙofar gyara abin da na ɓata. Da aka fara wasannin shekara mai zuwa na je na durƙusa gaban Alhaji.

Na ce, "Alhaji, yanzu ba sauran dalili. Surukinka ya ce in dai za ka je, shi zai zauna a gida. Akwai sababbin yara biyu da ya kamata ka gani."

Ya ce, "Na riga na faɗa a gaban mutane cewa na bari."

Na ce mutane sun manta. Na dage, irin dagewata, na ce ba zan tashi ba sai ya amsa. Na yi kwana uku ina zuwa. A na ukun ya yi ajiyar zuciya ya ce, "To, ka zo ka tafi da ni."

Ran Lahadi na zo. Ya fito cikin fararen kaya, ya dafa kafaɗata muka taka a hankali, na ɗauka tsufa ne kawai. Mutane suka yi ta tasowa suna gaishe shi, yana amsa wa kowa da sunansa da zarar ya ji murya. Na shimfiɗa masa wuri a gaba, na zauna gefensa, zuciyata fari ƙal. Aka busa usur. Yaranmu suka ɗauki balo suka yi gabas da shi, jama'a duka suka juya. Na waiga don in ga fuskarsa, sai na ga shi yamma yake kallo, inda babu kowa sai mai tsaron gidanmu a tsaye.

Ya matso da bakinsa kusa da kunnena, ya yi ƙasa da murya don kada na kusa su ji.

Ya ce, "Tela, wa ke da balo?"

Na kalli idanunsa a hasken rana, abin da ban taɓa yi ba a duhun zaure. Yanar ido ta rufe su duka biyun, fari fat. Shekara guda ke nan ko fiye yana ɓoyewa, kuma ya biyo ni ne kawai don in samu sauƙi a raina. Shekarun da idonsa yake gani, ni na karɓe su da bakina a gaban mutane.

Ya ɗan taɓa gwiwata ya ce, "Faɗa mini mana, wasa yana wucewa."

Na share fuskata da hannun riga, na matsa kusa da shi, na fara faɗa masa.